Ɗanye ko sabuwar dahuwa? Neman Hausar "fireshi" da "sabskirifshin" a abincin kare

Mai fassara, Kaduna:
Assalamu alaikum malamai. Ina fassara wani rahoto ne da za a karanta a rediyo kan yadda ake ciyar da karnuka a Amurka da Ingila, kuma kalmomi biyu sun tsaya mini a maƙogwaro tun jiya.

Ga yadda abin yake. Akwai kamfanoni irin su The Farmer's Dog da Ollie a Amurka, da Butternut Box a Ingila. Mai kare zai shiga shafinsu ya faɗi shekarun karensa, da nauyinsa, da irinsa, da ko an dandaƙe shi, da ko mai yawan guje-guje ne ko makwanci. Su kuma su auna abin da zai ƙosar da shi a rana, su dafa nama da kayan lambu, su ƙulla a leda, su daskarar, su aiko a kwali har ƙofar gida. Bayan 'yan makonni wani kwalin ya sake isowa ba tare da an ce a kawo ba, kuɗi kuma su fita daga katin banki da kansu. Wasu kamfanonin, kamar We Feed Raw a Amurka da Bella & Duke a Sukotilan, haka suke yi sak, sai dai nasu abincin bai ga wuta ba.

Na biyun ba wuya, ɗanye ne. Na farkon ne Bature yake kira "fireshi", kuma da na ɗora alƙalami sai na ga na rubuta ɗanye a nan ma, don mu ɗanyen kifi shi ne wanda ba a banda ba, ɗanyar kuɓewa ita ce wadda ba ta bushe ba. Sai jimlar ta fito: "zaɓi tsakanin ɗanye da ɗanyen dafaffe." Wa zai saurari wannan bai kashe rediyo ba? Kalma ta biyu ita ce sunan tsarin kansa, "sabskirifshin". A taimaka.

Ɗan Fagge:
Wa alaikumus salam. Malam, mu da muke neman na tuwon dare, kai kana neman sunan girkin kare? Namu karen gadin ƙanzo yake ci a kasko, kuma bai taɓa kai ƙara ba. Ka rubuta ɗanye da dafaffe, ka wuce.

Likitar dabbobi, Zariya:
Ɗan'uwa na Fagge, dafaffe kaɗai ba zai ɗauke shi ba, kuma ba don iyayi ba. Busasshen abincin nan na buhu, mai kama da na kifin kiwo, shi ma dafaffe ne. Ana kwaɓa gari da nama, a matse su ta cikin inji da zafi mai tsanani, su fito ƙwaya-ƙwaya. Purina ce ta yaɗa wannan hanyar a shekarun 1950. Na gwangwani ma dafaffe ne, a cikin gwangwanin ake dafa shi. To in mai fassara ya ce dafaffe, ya haɗa abu uku a kwano ɗaya, alhali waɗannan kamfanonin duk tallarsu ita ce su ba na buhu ba ne, ba na gwangwani ba ne.

Kuma a yi hattara da kalmar ɗanye, kada a bar ta ta yi aiki biyu a rahoto ɗaya, don a nan ne lafiya take. Hukumar abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta gwada samfuri 196 na ɗanyen abincin dabbobin gida tsakanin 2010 da 2012, ta samu salmonela a 15, listeriya a 32. Sanyin firiza ba ya kashe waɗannan ƙwayoyin cuta, kwantar da su kawai yake yi. Karen yana iya cinyewa ya tashi garau, amma ya riƙa fitar da su a kashinsa, ya lashi hannun yaro, kwanonsa kuma a wanke shi inda ake wanke na mutane. Shi ya sa ƙungiyar likitocin dabbobi ta Amurka, AVMA, ta fito a 2012 ta ce ba ta goyon bayan ba dabbobin gida ɗanyen nama da ba a bi wata hanya aka kashe cutar cikinsa ba. In mai sauraro ya ji "ɗanye" bai san wanne ake nufi ba, an cuce shi.

Mazaunin Manchista:
Likita ta faɗi gaskiya, amma a ba masu ɗanyen haƙƙinsu. Maƙwabciyata Baturiya da shi take ciyar da karnukanta biyu, kuma hujjarta ita ce kakan kare kyarkeci ne, bai taɓa hura wuta ba. Wani likitan dabbobi ɗan Ostireliya, Ian Billinghurst, shi ya tallata wannan ra'ayin tun 1993. Suna da ma'auninsu da suke haddacewa kamar karatu: kashi 80 tsoka, 10 ƙashi, 10 kayan ciki. Ƙashin kuwa dole ɗanye, don dafaffen ƙashi tsagewa yake yi ya soki hanji. Wasu kamfanonin kuma suna sa naman a injin da ke danne shi da ruwa mai ƙarfin gaske don kashe cuta ba tare da wuta ba.

Batun kalma kuwa, ni dai "fireshi" ɗin nan dariya yake ba ni. Kwalin yana isowa ne a daskare kamar dutse, a ciro leda ɗaya a sa a firji ta kwana ta saki. Abin da aka dafa tun makon jiya, aka ajiye, aka fito da shi yau, a gidanmu sunansa ɗumame. Ina ba da shawarar "ɗumamen kare".

Uwargida, Katsina:
Allah ya shirye ka, ɗan Manchista. Ɗumame ai saura ne, wannan kuwa don shi aka dafa. Malam mai fassara, ku maza kuna ta kewaye alhali kalmar tana madafi. A bayanin Likita na fahimci wuta kaɗan ake sa masa, ba suya, ba ƙonawa. Wannan ai sulalawa ce. Sulalallen nama. Ko kuma ka ce sabon girki.

Likitar dabbobi, Zariya:
Hajiya, sulalalle ya burge ni, amma ina tsoronsa. Wata in ta ce ta sulala nama, tana nufin ta ba shi tsoro ne kawai kafin a soya, bai gama nuna ba. Shi kuwa wannan dole zafin ya ratsa cikinsa, in kaza ce har digiri 74 a ma'aunin Selsiyas, in ba haka ba ai an koma gidan jiya. Girki kuma ina roƙo a bar shi. Bahaushiya in ta ji girki za ta ga albasa da tafarnuwa da magi a tukunya, albasa da tafarnuwa kuwa farfasa jajayen ƙwayoyin jinin kare suke yi. Kada rahoton ya sa wata ta ɗebi miyar gida ta ce ai abin da Turawa ke yi ke nan.

Malamin Hausa, Sakkwato:
Na bi muhawarar tun daga sama. Kuskuren farko shi ne neman kalma guda ta tsaya a madadin "fireshi" a ko'ina. Bature ya tara ma'anoni a cikinta, mu mun rarraba su. Kifi ɗanye ne, burodi mai zafi ne, labari da ɗumi-ɗuminsa, ruwa kuma sabon ɗiba. Kowane abu da nasa. Abin tambaya shi ne, a nan kishiyar me ake nufi? Kishiyar ajiyayye ake nufi, na buhu da na gwangwani da ke shekara a kanta ba su lalace ba. Wannan kuwa in ya saki daga ƙanƙara kwanakinsa ƙididdigaggu ne. Saboda haka ni "sabuwar dahuwa" zan ce. Dahuwa ta tsere wa albasar da Likita ke tsoro, ta kuma fi sulalawa faɗi, tunda ba nama kaɗai ba ne a ledar, akwai karas da dankali da ganye. Sabuwa kuma ta raba shi da na buhu. Sai a samu uku: ɗanye, sabuwar dahuwa, busasshe.

Mazaunin Manchista:
Allah ya gafarta Malam, na karɓa, amma a gidana ɗumame zan ci gaba da cewa.

Mai fassara, Kaduna:
Na ɗauki sabuwar dahuwa. Saura "sabskirifshin". Na gwada rajista, sai na ga rajista sau ɗaya ake yi, ba ta nuna kuɗi na fita a kai a kai. Na gwada kwantiragi, ya yi nauyi, kamar za a gina gada. Kuɗin wata kuma bai dace ba, don wani kwalinsa duk mako biyu ne, wani sai mako shida ko takwas, gwargwadon cikin karen da girman firizar.

Ɗan Maraɗi:
Mu nan "abonma" muke cewa, daga Faransanci, kuma kowa ya gane, daga mai kallon tashoshin talabijin na Canal+ har mai famfon ruwa. Amma na san in kun faɗe ta a Kaduna za a ɗauka sunan magani ne.

Ɗan Fagge:
Tunda an ƙi a bar zancen, to a ce "sabskiraib" kamar yadda yara ke faɗa. Kowane mai waya ya san ta.

Malamin Hausa, Sakkwato:
Ya san ta da ma'anar danna maɓallin YouTube, wanda ba a biyan ko kwabo. Ka ce wa mutum ya yi sabskiraib na abincin kare, ya danna, ranar da banki ya turo masa saƙon an cire kuɗi ya zo neman ka.

Uwargida, Katsina:
Ni fa ban ga abin wahala ba. Mu mata mun daɗe muna yi. Zubi. Kina zubi duk mako ko duk wata wurin uwar adashi, kuma yanzu ba kuɗi kaɗai ake kwasa ba, akwai zubin kayan abinci, akwai na atamfa, akwai na kayan ɗaki. Ki zuba, a kawo miki kaya. Kuma kalmar tana da 'ya'ya: mai zubi, ranar zubi, na shiga zubi, na fita daga zubi, a ɗaga mini zubin wannan karon zan yi tafiya. Duk abin da maƙwabciyar ɗan Manchista ke dannawa a wayarta, akwai shi a bakinmu.

Mazaunin Manchista:
Hajiya, zubi ai tarawa ne, ƙarshensa kwasa. Wannan kuwa ba ranar kwasa, kare ya cinye, a sake cirewa, har sai ka tuna ka shiga ka tsayar. Da yawa da rangwamen kwalin farko ake jawo su, na biyu ya zo da cikakken farashi suna barci. Ni "oda mai maimaita kanta" ta fi kama da gaskiyar abin.

Malamin Hausa, Sakkwato:
Taka bayani ce, ba suna ba, kuma mai karanta labarai zai shaƙe kafin ya kai ƙarshenta sau uku. Kalma ba sai ta yi daidai da tsohon gidanta ɗari bisa ɗari ba. Jirgi da na ruwa kaɗai muka sani, yau yana sama yana ƙasa. Wuta ta murhu ce, yau ana kawo ta ana ɗaukewa. Abin da zubi ke riƙe da shi shi ne biya a kan lokaci sananne, a kai a kai, da shiga da fita. Karen bana shi ke maganin zomon bana, amma wannan karon tsohon ne ya kamo. Ina bayan Hajiya. A karon farko a rahoton ka ce "tsarin zubi, inda ake cire kuɗi daga katinka a aiko da kaya duk bayan 'yan makonni", daga nan ka ci gaba da zubi kawai.

Mai fassara, Kaduna:
Ga yadda jimlar ta koma: "Masu karnuka da suka shiga tsarin zubi a waɗannan kamfanoni suna zaɓa ne tsakanin ɗanye da sabuwar dahuwa, kuma likitoci sun fi natsuwa da sabuwar dahuwar, musamman a gidan da ke da jariri, ko mai ciki, ko tsoho." Na karanta wa abokin aikina bai tambaye ni komai ba. Na gode Hajiya, na gode Malam, na gode Likita.

Sai dai na juya shafi na ci karo da wani. Akwai nau'in da ake daskarar da ɗanyen nama, a zuƙe iskar injin har ƙanƙarar ta tashi ba ta narke ba, naman ya bushe ƙayau bai ga wuta ba bai ga rana ba. A buhu yake zuwa, amma ɗanye ne.

Ɗan Fagge:
Wannan kam kilishi ne. Kada wanda ya ce mini wani abu.

Likitar dabbobi, Zariya:
Kilishi ana gasa shi a ƙarshe, ɗan'uwa, kuma da yaji da albasa a jikinsa. Malam mai fassara, rubuta "busasshen ɗanye" tukuna, kafin Malam na Sakkwato ya dawo daga sallah.