Tortiya ta masara nawa ya kamata in ci idan ina rage ƙiba?

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina zaune a Houston ta Amurka, likita ya ce in rage nauyi saboda sukarina ya fara hawa. Da dare na ajiye tuwon semo da farar shinkafa, na koma tortiyar masara, wata 'yar gurasa marar kauri irin ta 'yan Meksiko, wadda ake dafa masarar da farar ƙasa kafin a niƙa. Ta fulawa kam ban taɓa ta ba, ta fi girma, wasu ma da kitsen alade suke kwaɓa ta.

Ga inda na tsaya. Ƙarama guda ɗaya kalori 50 zuwa 60 ce, amma biyu ba sa riƙe ni, kafin sallar asuba yunwa ta taso. In na ci biyar kuwa, ai kamar malmalar tuwo na ci. Sikeli ya ƙi motsi.

Shin in tsaya a uku in ƙara wake da ƙwai da kabeji? Gasa ta a busasshen kasko maimakon soyawa yana da tasiri sosai? Masu ciwon suga da suka gwada, yaya awonku yake bayan cin ta?