Neman shawara: aikin sa kai kan bayanan rigakafi ya jefa ni tsaka mai wuya

Mai neman shawara: Assalamu alaikum, iyayena da yayyena. Shekara 9 ke nan ina aikin tattara alƙaluman allurar rigakafi a wata ƙaramar hukuma kusa da Katsina, kuma ni ce nake shigar da su cikin DHIS2, manhajar adana bayanan kiwon lafiya, duk ƙarshen wata. Bara, a wani taron bita, wata malama da ta ga yadda nake gyara rajistocin asibitocin ƙauye ta tura mini hanyar shiga wata ƙungiyar ƙasa da ƙasa ta masu aikin sa kai, wadda ke daidaita yadda ake rubuta abin da ya samu yaro bayan an yi masa allura. Na cike fom ɗinsu cikin dare, ban shawarci kowa ba, domin a lokacin mahaifiyata tana kwance kuma hankalina ba a kwance yake ba. Babu albashi, kuɗin data daga aljihuna yake fita, taron ƙungiyar kuma yakan faɗo dab da magariba. Yanzu sun nemi kowa ya kawo misalin yadda ake cike fom a ƙasarsa kafin Juma'a, shugaban sashenmu kuwa ya ce kada takarda ko ɗaya ta fita. Shin in janye ne, ko in ci gaba?

Dattijo mai ritaya, Daura: Wa alaikumus salam, 'yata. Kada ki janye, amma kada ki aika komai. Irin wannan aiki ba sabo ba ne, domin ƙungiyar Brighton Collaboration ta faro shi tun shekarar 2000, kuma a 2004 ta fitar da ma'anoninta na farko na illolin da ke biyo bayan allura, ciki har da zazzaɓi, jijjiga da kukan da yaro ya ƙi dainawa. A ma'auninsu, ba a kiran abu zazzaɓi sai an auna an ga zafin ya kai digiri 38, alhali mu nan uwa ce za ta ce jikinsa ya yi zafi, ma'aikaci ya rubuta haka nan ba tare da ya auna ba. Wannan giɓin shi ne abin da za ki kai musu da bakinki, ba takardar yaron mutane ba. Tun 2023 akwai dokar kare bayanan jama'a a Najeriya, rahoton illar allura kuma yana da hanyarsa, ta hukumar NAFDAC har zuwa cibiyar Uppsala da ke Suwidin, mai tattara rahotannin illar magunguna daga ƙasashen duniya.

Ma'aikaciyar jinya, Ƙofar Sauri: Ƙanwata, ni dai ban ga amfanin wahalar da babu lada a hannu ba. Na yi zagayen allurar shan inna gida-gida cikin rana, har yau akwai alawus na zagaye biyu da ban gani ba, kuma duk wanda na tambaya sai ya tura ni wani ofishi. 'Yan ƙungiyar nan ne za su sa sunayensu a takardun ilimi, ke kuma ki ƙare da sayen data.

Malamin makaranta: Baba ya yi gaskiya a batun takarda, sai dai ya manta da abin da ya fi nauyi. Gwajin maganin Trovan da aka yi wa yara masu sanƙarau a Kano a 1996 yana cikin abin da mutane suka riƙa ambata lokacin da aka ƙaurace wa allurar shan inna a 2003. Idan labari ya bazu cewa ana tura sunayen yara waje, ba ke kaɗai abin zai shafa ba.

Dattijo mai ritaya, Daura: Malam, ban manta ba, a gabana aka yi. Rashin ingantaccen rubutu ne ke ba jita-jita ƙafa, domin idan yaro ya yi jijjiga bayan allura kuma babu wanda ya rubuta sa'ar da ta fara, wa zai iya cewa allurar ce ko zazzaɓin cizon sauro? Ki rubuta wa shugabanki wasiƙa, ki nemi izinin tura fom wanda ba a cike ba.

Mai neman shawara: Na gode, Baba, amma ba ku san shugaban namu ba, wasiƙa takan yi wata uku a teburinsa. Kuma Yaya, ba don suna na shiga ba, na shiga ne domin a cikin taron babu wanda ya taɓa ganin asibitin da ma'aunin zafinsa ya lalace. Gaskiyar magana, makon jiya na riga na tura musu hoton fom guda ɗaya, amma na rufe sunan yaron da yatsana.

Dattijo mai ritaya, Daura: Sunan ƙauyen da ranar haihuwa fa, su ma kin rufe?

Ma'aikaciyar jinya, Ƙofar Sauri: Don Allah, akwai wanda ya san inda ake kai ƙorafin alawus ɗin da aka riƙe?