Taken da ake yi wa kaya a gwanjon intanet: abin da kowannenmu ya gani

Mai gyaran kwamfuta, Ƙofar Kaura, Katsina

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina so mu haɗa abin da muka gani da idonmu a kan wani al'amari da ya shafi duk mai saye ko sayarwa a gwanjon intanet, wato irin taken da masu kaya suke rubutawa a saman hoton kayansu domin jawo masu tayi. Sana'ata tana sa ni neman kayan gyara a wuraren gwanjo na ƙasashen waje, kuma na daɗe ina lura da yadda ake cika take da taurari, da alamun motsin rai, da manyan baƙaƙe, da kalmomi irin su "ba a samun irinsa" ko "dama ta ƙarshe". Wanda ya fi shahara a ciki shi ne L@@K, inda ake cire wasula biyu daga kalmar Turanci mai nufin a duba, a maye gurbinsu da alamar @ domin ta zama kamar idanu biyu.

A eBay, babban dandalin gwanjo na intanet, haruffa 80 kacal aka yarda mai kaya ya rubuta a take, har da tazarar da ke tsakanin kalmomi. Saboda haka duk harafin da ya tafi wajen ado an zaftare shi ne daga wurin da ya kamata a rubuta sunan kamfani, da lambar samfuri, da girma, da halin da kayan yake ciki. Idan ina neman allon wata kwamfuta, lambar allon nake rubutawa a akwatin bincike, haka ma kowane mai gyara da na sani, kuma babu wanda yake neman kaya da taurari. Na taɓa cin karo da wani allo da aka cika takensa da yabo aka bar lambarsa, sai a cikin hoto na uku na hango lambar a jikin takardar da ke manne a bayansa. Masu neman irinsa ba su gan shi ba, tayi ya yi ƙaranci, na same shi a ƙasa da farashin da aka saba. Mai kayan ne ya yi asara, kuma adonsa ne ya jawo masa. Ina roƙon duk wanda ya ga wani abu makamancin haka ya bayyana mana, ko da abin da ya gani ya saɓa wa nawa.

Makanike, Daura

Wa alaikumus salam. Malam, abin da ka faɗa haka yake, sai dai a harkar mota matsalar ta wuce ado, domin akwai kalmomin da suke da ƙayyadaddiyar ma'ana a wurin gwanjo na asali, amma idan suka iso wurinmu sai a faɗaɗa su yadda ake so. A manyan wuraren gwanjon motoci na Amurka, irin su Copart, akwai alamar da take nuna cewa mota tana tashi tana tafiya. Abin da take nufi a ƙa'idarsu shi ne, lokacin da motar ta iso filin ajiya an tayar da ita ta tashi, ta shiga giya, ta matsa gaba da ƙarfin injinta. Ba lamuni ba ne cewa za ta iya hawa titi, kuma ba shaida ba ce cewa ba ta yi hatsari ko ta nutse a ruwa ba. Da yawa daga cikin motocin nan kamfanonin inshora ne suke kai su bayan sun biya masu su diyya.

Wani maƙwabcina ya ci tayin wata Corolla a wani zauren WhatsApp, inda dillalin ya rubuta da manyan baƙaƙe cewa "FES DA ITA, TANA TASHI TANA TAFIYA, SAYE DA HAWA", ya jera hotunan wuta a gaba da baya. Babu shekarar ƙira a taken, babu yawan tafiyar da ta yi, babu lambar shasi. Da motar ta iso aka kawo mini ita, fentinta yana sheƙi kuma injin ya tashi da bugu ɗaya, amma da na ɗaga dardumar da ke ƙarƙashin kujerar direba sai na tarar da busasshiyar laka ta daskare a lungu, ƙarafunan da kujerar ke zamewa a kansu sun yi tsatsa, wayoyin da ke wurin kuma sun yi kore a bakinsu. Muka kwafi lambar shasi, mai haruffa da lambobi 17, muka bincika, sai ga hotunanta na asali tare da bayanin cewa ambaliya ce ta ci ta. Har yau matsalar wuta ba ta bar motar nan ba.

Tun da gwamnatin tarayya ta hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa a farkon 2017, na ga mutanenmu da dama da a da suke zuwa Kwatano su duba mota da idonsu sun koma cinikin biri a sama, suna dogara da take da hotuna kawai. Ni a yanzu duk wanda ya nemi shawarata, abu na farko da nake ce masa shi ne a ba shi lambar shasi kafin ya taya, idan dillali ya yi nauyin baki a kanta to ya haƙura da motar.

Mai sayar da kayan gwanjo na yara, Ƙofar Marusa, Katsina

Ina yi muku sallama. Ni mai sayarwa ce, kuma ina so in ɗan yi wa masu sayarwa uzuri, domin ba ko'ina ne akwai akwatin bincike irin wanda Malam ya ambata ba. Ina buɗe dila in yi gwanjon kayanta a zauren mata, inda saƙonni suke bin juna da sauri har wani ya binne wani cikin 'yan mintoci, ga gaisuwa, ga sanarwar biki, ga tallan wasu. A irin wannan wuri, idan kaya bai zo da wata alama da za ta tsayar da ido ba, wallahi wucewa za a yi ba a gan shi ba. Saboda haka ina sa alama guda a farkon kowane take, kuma kwastomomina sun san ta, da sun gan ta sun san gwanjo ya fara.

Inda na yarda da ku shi ne wajen kalmomin yabo. A zaurukanmu kowa yana rubuta "zaɓin farko", kowa yana rubuta "kamar sabo", har kalmomin sun daina nufin komai, mai kaya mai kyau da mai tarkacen ƙasan dila duk abu ɗaya suke cewa. Abin da mata suke tambaya kullum bai wuce uku ba: na ɗan shekara nawa ne, akwai tabo ko yaguwa, kuma daga nawa za a fara. Shi ya sa takena yake zuwa kamar haka: "Rigar sanyi, shekara 5 zuwa 6, akwai ɗan tabo a hannun hagu, za a fara daga naira 2,000." Wasu abokan sana'a sun ce mini ambaton tabo zai karya farashi, kuma gaskiya ne yakan rage tayi kaɗan, amma ba a dawo mini da kaya, ba a kuma kira na cikin dare ana ƙorafi.

Ɗalibi, Batagarawa

Hajiya, Allah ya ƙara albarka a kasuwa. Nawa gajere ne. Wani abokin karatuna ya taya wata waya a wani dandalin gwanjo, takenta ya fara da sunan wayar da manyan baƙaƙe, sannan jerin taurari da kalmomin yabo masu tsawo, har allon wayarsa ya yanke ƙarshen taken ya bar ɗigo uku. Kalmomin da aka yanke su ne "kwali kawai". Ina zaune kusa da shi lokacin da ya buɗe saƙon, kwali ne mai tsabta da takardar bayani da ɗan ƙarfen cire layi, babu waya. Da ya yi ƙorafi sai mai kayan ya ce ai ya rubuta, kuma lallai ya rubuta, amma a wurin da ya san yawancin masu duba kaya ta waya ba za su gani ba. A nan adon ba jan hankali kawai ya yi ba, an yi amfani da shi ne wajen tura gaskiya zuwa inda ba a ganin ta.

Malamin Islamiyya, Daura

Ɗana, abin da ya sami abokinka yana da hukunci bayyananne. A hadisin da Muslim ya ruwaito, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya wuce wani tarin abinci ya sa hannunsa a ciki sai ya ji danshi, mai abincin ya ce ruwan sama ne ya taɓa shi, sai ya tambaye shi dalilin da ya hana shi ɗora jiƙaƙƙen a sama domin mutane su gani, sannan ya bayyana cewa mai algus ba ya tare da shi. Take shi ne saman tari a wannan kasuwa, kuma wanda ya ajiye aibi a inda ido ba ya kaiwa bai fita daga wannan gargaɗi ba don kawai ya rubuta shi a wani lungu. Malaman fiƙihu sun ba mai saye zaɓin mayar da kaya idan ya sami aibin da aka ɓoye masa.

Gwanjo kansa halal ne. Abin da aka hana shi ne najashi, wato mutum ya ƙara tayi ba da niyyar saye ba sai don ya ingiza wasu. Na ga wannan a wani zauren sayar da ragunan layya, inda ake rubuta "tayi ya yi zafi, saura minti biyar" a take, sannan wasu lambobi biyu su riƙa ɗaga farashi, kuma ban taɓa ganin ɗayansu ya ci tayi ya biya ba. Abin da ya fi damuna kuma shi ne shigar da rantsuwa cikin take, ka ga an rubuta "wallahi asali ne" a kan takalmi ko turare, alhali an ruwaito cewa rantsuwa tana sa kaya ya shige amma tana shafe albarka. Faɗin gaskiya kuwa ba ya hana ciniki: a tarihin da eBay yake bayarwa na kafuwarsa a 1995, ɗaya daga cikin kayan farko da Pierre Omidyar, wanda ya kafa shi, ya sayar wata 'yar fitilar nuni ce da ta lalace, ya rubuta cewa ta lalace, aka kuma saye ta a kan dala 14.83.

Ma'aikaci mai ritaya, Ƙofar Soro, Katsina

Allah ya gafarta Malam, ina so in ƙara da wani nau'i da ya addabi jiharmu saboda kusancinmu da iyaka ta Jibiya da Kongolam, wato taken da ake jingina wa kwastam. Za ka ga an rubuta "GWANJON KWASTAM NA GAGGAWA" a Facebook, da hoton motoci a jere ko buhunan shinkafa, da farashin da bai kai rabin na kasuwa ba, da lambar wayar wani da ake kira jami'i. Surukina ya tura kuɗin da aka ce na fom ne, aka sake neman na fito, daga nan lambar ta daina shiga. Waɗannan ba ma'aikatan hukumar ba ne, masu sojan gona ne, kuma hukumar ta sha yin gargaɗi a kansu. Gwanjonta na intanet, wanda ta fara a 2017, a shafinta na hukuma ake yin sa, sai mutum ya yi rajista da lambarsa ta biyan haraji, kuma ba a tura kuɗi zuwa asusun wani mutum. Dokar gasa da kare masu saye ta 2018 ta haramta yin bayanin ƙarya ko na yaudara a kan kaya, amma wanda ya ɓace da lambarsa da wuya a kamo shi, shi ya sa na fi ganin amfanin mu riƙa faɗa wa iyalanmu tun kafin su gani.

Tela, Sabon Layi, Katsina

Baba, Allah ya mayar wa surukinka da alheri. Ni abin da na gani shi ne jera sunayen kamfanoni a take ɗaya. Ina neman keken ɗinki sai na ga an rubuta Singer da Butterfly da Juki duka a kan keke guda, kuma keke ɗaya ba zai zama na kamfanoni uku ba. Ana yin haka ne domin duk wanda ya nemi ɗaya daga cikin sunayen ya faɗo kan kayan, kuma Malam mai gyaran kwamfuta zai tabbatar mana cewa ƙa'idojin eBay sun hana sa sunan kamfanin da ba shi ya ƙera kayan ba, amma a zaurukanmu na gida babu mai tsawatarwa. Na nemi mai keken ta ɗauko mini hoton ƙarfen da ke ɗauke da suna da lamba a jikinsa, da ɗan bidiyon yadda yake ɗinki a kan yadi mai kauri. Hoton ya zo da wani suna dabam da ban taɓa ji ba, bidiyon kuma ya nuna yana tsallake zare idan ya zo kan kalmasa. Na gaya mata cewa da ta rubuta sunansa na gaskiya da farashin da ya dace da shi, akwai masu koyon ɗinki a unguwarmu da za su saya, ta ce za ta gyara taken, ni kuma na janye tayina na ci gaba da nema.