Muryar mahaifina ba ta dawo ba bayan gashin sankarar maƙogwaro

Assalamu alaikum. An gano sankara a matakin farko a tantanin muryar mahaifina na hagu, aka yi masa gashi, wato ƙona ƙwayoyin cutar da hasken na'ura (radiotherapy), na mako shida. Yau wata huɗu da kammalawa, amma muryar tana nan a dushe, musamman da yamma, kuma kunnensa na hagu yana zafi idan yana haɗiyar abinci. Ya daina shan taba tun kafin gashin, yana yawan shan ruwa, ya kuma sha maganin ƙwannafi wata guda, duk babu sauyi. Ranar komawa asibiti sai nan da mako bakwai. Shin kumburin bayan gashi ne da zai sauka da kansa, ko alamar dawowar cutar ce da ke buƙatar a duba maƙogwaron yanzu?