Kwamfutar Kawu ta cika da talla: in goge ta ko in gyara?

Abban Sadiq: Assalamu alaikum. Kawuna tsohon malamin makaranta ne, yana da HP EliteBook 840 G3 mai Windows 10. Da ya buɗe Chrome sai talla ta yi ta faɗowa ta ƙasan allo, shafin bincike ma ya daina zama Google. A ciki akwai takardun filayensa da hotunan aikin Hajji, kusan 40GB, kuma babu kwafinsu a ko'ina. Jikoki ne ke damunta da yamma. In yi mata fomatin in sa Windows 11, ko in share dattin kawai? Ku lura, data tana mini wuya.

Ɗan Gwammaja: Wa alaikumus salam. Ka tura komai Google Drive ka huta.

Injiniya Fagge: 15GB kaɗai Google ke bayarwa kyauta, da Gmail da hotuna duk a ciki, kuma mutumin ya ce data. Abban Sadiq, kada ka taɓa komai sai ka kwafe fayilolin nan a hadis na waje (hard disk, ma'ajiyar fayiloli da ake jonawa da kwamfuta). Bayan nan ka rubuta chrome://extensions a wurin adireshi, ka cire duk abin da Kawu bai san da shi ba. Tallar ƙasan allo kuwa yawanci ba bairos ba ce, yara ne suka danna Allow a wani shafi. Ka shiga Settings, Privacy and security, Site settings, Notifications, ka toshe su duka. Sai Reset settings domin shafin bincike ya dawo. Windows 11 ka manta da ita: firosesan G3 na ƙarni na 6 ne, ita kuwa daga na 8 take karɓa. Amma ka sani Microsoft ta daina tallafin Windows 10 tun 14 ga Oktoba 2025.

Maman Hanifa: Ku bi a hankali da abin da za ku kwafa a kai. Surukina, Allah ya jiƙansa, an saya masa filas da aka rubuta 1TB a jikinsa, da araha. Aka kwashe takardun gonakinsa da lissafin bashin da yake bi, sunayen fayiloli duk suka fito reras, sai aka goge kwamfutar. Ranar rabon gado aka buɗe, fayil ɗaya cikin goma ne ya buɗu. Ashe ainihin girmansa bai wuce 32GB ba, an yi wa kwakwalwarsa ƙarya ne, duk abin da ya haura sai ya hau kan na baya. Har yau 'yan uwa biyu ba sa ga maciji a kan gona ɗaya.

Abban Sadiq: Innalillahi. Hajiya, babu yadda aka yi aka dawo da su?

Maman Hanifa: Masu gyara uku suka gwada. Abin da aka riga aka rubuta wani a kansa, me za a dawo da shi? A gwada kowane filas da manhajar H2testw kafin a yarda da shi, tana cika shi fal ta sake karantawa. Kuma a buɗe fayilolin a wata kwamfutar tukuna.

Injiniya Fagge: Gaskiyarta. Hadis 1TB sabo a kwali, an ce mini dubu 85 makon jiya.

Ɗan Gwammaja: Haba Injiniya, dubu 35 ake samunsa.

Injiniya Fagge: Wannan tsohon hadis ne na laftof aka sa wa sabuwar riga. Ka buɗe CrystalDiskInfo, manhajar duba lafiyar hadis, ka duba awannin da ya yi yana aiki. In ya nuna Caution mai ruwan ɗorawa, ka mayar musu.

Ɗan Gwammaja: Kai mai shago ne, dole ka ce a sayi mai tsada.

Malam Na Zinder: A bar wannan. Matsalar jikoki ce. A buɗe musu asusu na Standard, a sa wa na Kawu fasuwad, ba za su iya girka yawancin manhajoji ba. A sa Firefox da uBlock Origin mai toshe talla, don Chrome yanzu sai Lite ɗinsa yake karɓa. Sannan a kunna File History mai ajiye kwafin fayiloli, duk Juma'a a jona hadis, in ya gama a cire a ajiye a durowa.

Baffa Tela: Fasuwad ɗin da Kawu zai rubuta a takarda ya manna a jikin allon? Jikoki sun gode.

Maman Hanifa: Cire hadis ɗin nan ita ce magana. In aka bar shi a jone aka dawo da wuta da ƙarfi, caja da hadis na iya tafiya tare.

Baffa Tela: Wace wutar? Unguwarmu kwana 9 ke nan tiransifoma ta ƙone, an tara kuɗi gida-gida, shiru. Ga bil ya zo cif.

Ɗan Gwammaja: Mu ma haka. Wa ya san farashin sola mai ɗaukar laftof da fanka biyu?