Masu kallon tashoshin dish a kwamfuta, ya kuka ƙare?

Daga Samaru: Salamu alaikum 'yan'uwa. Tsohuwar kwamfutar tebur gare ni, na jona ta da talabijin ɗin falo da sifikoki, a kanta muke kallon finafinai. Saura tashoshin dish. So nake komai ya koma wuri ɗaya, na gaji da neman rimot uku a ƙarƙashin kujera. Wanda ya taɓa yi don Allah ya faɗa mana abin da ya gani.

Daga Sabon Gari: Wa alaikumus salam. Malam, kafin ka kashe ko sisi ka san wannan: ramin HDMI na kwamfuta, inda ake jona wayar talabijin, fitar da hoto yake yi, ba ya karɓa. Sau da yawa ana shigo mini shago da laftof da dikoda, wai waya ce ta lalace, alhali lafiyarta ƙalau. Sai ka nemi ɗan abin nan na USB mai kama hoto, dikoda ta bi ta cikinsa, ka buɗe da manhajar bidiyo irin OBS ko VLC. Yana yi. Amma mai arahar hotonsa a dusashe yake, wani lokaci ma baki ya gama motsi kafin murya ta iso. Wata dikodar kuma tana da kariyar HDCP mai hana kwafar hoto, sai ka ga allo baƙi ƙirin.

Daga Gyallesu: Ni ban bi ta dikoda ba sam. Na'urar DVB-S2 na saya, wato mai kamo siginar dish ta kai wa kwamfuta, wayar dish ta shiga kai tsaye, ina kallo ta manhajar Kodi. Da can manhajar Windows Media Center nake so, amma tun da Windows 10 ta fito a 2015 babu ita a ciki. Tashoshin kyauta kaɗai take buɗewa fa. Na kuɗi irin su DStv a kulle suke, katinsu da dikodarsu yake aiki, kada wani ya ruɗe ka.

Abin da ya sa ban koma kan dikoda ba shi ne tsayar da shiri. Ana tsakiyar labarai a kira Magariba, in danna maɓalli ɗaya, hoton ya tsaya mai labaran baki buɗe, in tafi masallaci in dawo in ɗora daga inda na bari. Da azumi kuwa tafsiri nake sa ta ɗauka, uwargida ta kalla bayan ta fito daga kicin. Sai dai ɗaukar tana cin wuri, in ba ka gogewa za ka wayi gari faifan ya cika.

Daga Tudun Wada: Ku dai maza kuna faɗin daɗin. Maigidana ya yi mana irin wannan haɗin. In yana gida lafiya lau. In ya fita, Inna ta ce a sa mata Arewa24, sai in tsaya da linzamin kwamfuta a hannu, ga wani rubutu ya fito wai kwamfuta tana sabunta kanta, kada a kashe. Inna ta ce ita a dawo mata da akwatinta mai lamba. An dawo da shi.

Daga Samaru: Hajiya, wannan gargaɗi ya shige ni, mu ma akwai tsohuwa a gidan.

Daga Kwangila: In ƙwallo ce damuwarka, kada ka dogara da kallo ta intanet. Ina biyan kuɗin wata, ina buɗewa a kwamfuta, hoto tas. Amma gidan kallon da ke bayan layinmu sai su ɓarke da ihu, ni kuwa a nawa allon ana shirin buga kwana ne. Ga data, wasa ɗaya in ka bar hoton a mafi kyau sai ka ji a aljihunka.

Daga Wusasa: Babu wanda ya taɓo wuta. Dikoda ɗan abu take ja, kwamfutar tebur kuwa ta ninka ta sau da dama. A kan inbata ta sola nake, daren da muka kunna kwamfuta batir ba ya kai mu asuba da fanka. In an ɗauke wuta ana ɗaukar shiri, sau tari an yi asararsa. Sannan ƙurar hunturu: na buɗe tawa a watan Janairu, fankar ciki ta toshe har ba a ganin fikafikanta, shi ya sa take ta gurnani tana mutuwa da kanta. Da damina kuma ba ruwan hadari da kwamfuta ko dikoda, ruwa mai ƙarfi ya sauko sigina ta tafi.

Daga Samaru: To in na bar wa tsohuwa dikodarta, ni na sa DVB-S2 ɗin, dish ɗaya zai ɗauke mu?

Daga Sabon Gari: Zai ɗauka, amma kada ka raba waya ɗaya gida biyu. Kowace na'ura tana tura wa kan dish ɗin, wato LNB, wuta bolt 13 ko 18 gwargwadon tashar da aka zaɓa, in suka saɓa sai ɗaya ta rasa hoto. Sayi LNB mai baki biyu, kowa da wayarsa har ɗaki. Ka kuma naɗe mahaɗin da salatif sosai kafin ruwan farko.