Wai me za mu kira "deep cycle battery" da Hausa?

Jama'a salamu alaikum, yau da rigima na zo. Yayana ne ya sayi tsohuwar Hiace ya cire kujerun baya, ya shimfiɗa katifa ya sa fanka da ɗan firji da ƙwan fitila biyu, wai in ya je cin kasuwa Mai'adua ko Jibiya ya huta da kwanan tasha. Abin da Turawa ke ce ma motorhome kenan, sai dai nasu har da kicin da banɗaki. Sunan motar bai ba mu wahala ba, ai muna da shi tuntuni, tafi-da-gidanka. Waya ta ƙwace sunan, kotu ma ta ara, amma tsakani da Allah wa ya fi cancanta da shi kamar motar da mutum ke yawo da gadonsa ciki? An wuce nan.

Rigimar a batir take. Irin wannan mota batir biyu take so, ɗaya na tada inji, ɗaya na fanka da firji da fitila in an kashe mota. Yaya bai sani ba ya sayo batirin mota na yau da kullum ya jona ma kayan, wata biyu bai cika ba ya mutu murus. Da muka kai ma wani dattijo mai rewaya a Ƙofar Ƙaura, ko mita bai ɗauko ba ya ce "Alhaji ai doki ka sa aikin raƙumi."

Kuma gaskiyarsa. Batirin tada mota faifan dalmar da ke cikinsa sirara ne masu yawa, aikinsa ya saki wuta mai ƙarfi na daƙiƙa uku ko biyar, inji ya tashi, altaneta ta mayar masa da abin da ya kashe, shi kenan, sukuwa ce irin ta hawan sallah. Shi kuwa ɗayan faifansa kauri gare su, wuta kaɗan kaɗan yake bayarwa tun isha'i har asuba, a cika shi da rana, gobe a sake. To shi wannan na biyun muke nema ma suna.

Na tambaya a guruf ɗinmu jiya, ga abin da aka kawo.

Wani ya ce batirin shaƙatawa, don a Ingila leisure battery suke cewa. A'a malam. Yayana neman abinci ya kai shi, ba shaƙatawa ba, kuma irin batirin nan ne a inbatar masallatai da shagunan cajin waya.

Batirin sola, wannan shi ake faɗa a kasuwa kuma in ka faɗa za a gane ka. Matsalar ita ce a mota ba dole sai da fanel ba, injin ma yana caja shi in ana tafiya, wutar NEPA ma haka in an samu.

Wani ɗan boko ya ce batir mai zurfin zagaye. Na ce je ka faɗa ma mai shago haka ka ga kallon da zai maka.

Batirin ɗaki ya burge ni da farko, amma wurin zamansa ya faɗa, bai faɗi halinsa ba, shi ma wanda Yaya ya kashe ai a ɗakin yake. Batir mai juriya kuma, kowane mai sayarwa zai rantse nasa mai juriya ne. Batirin raƙumi mun sha dariya, sai dai mutane za su ɗauka tambarin kamfani ne su shiga neman hoton raƙumi a kwali.

Can da dare wata malamar Hausa daga Daura ta rubuto kalma uku kacal, batirin dogon zango. Wallahi nan na ajiye waya na ce an gama. Raƙumin dattijon nan yana ciki ba tare da an ambace shi ba, kuma abin da ya fi min daɗi, kalmar zango ta ɗauke mana "cycle" ɗin da ya gagare mu. A ci wutar batir a sake cika shi, zango ɗaya kenan. Sai ka iya cewa batiran dalma, wato mai ruwa da rufaffun nan AGM da jel, suna yin zango 'yan ɗaruruwa, litiyam kuwa na LiFePO4 yana kaiwa dubbai, ga shi nauyinsa kamar rabin na dalma, kuɗinsa ne dai sai mutum ya dafe ƙirji. Kun ji yadda maganar ta zauna ba tare da an ari komai ba?

Har kulawar ma da ita za ka koya ma mutum. Mai dalma kada ya wuce rabin zango, wato in ya huta ka auna, bolt 12.6 ko 12.7 a cike yake, ya sauko wajen 12.2 ya kai rabi, a tsaya a caja. Kuma kada a bar shi kwance ba caji na kwanaki, farin abu ke kama faifan ya daskare, daga nan ba ya ƙara riƙe wuta kamar da. Mai ruwa a riƙa leƙa shi ana ƙara ruwan batir, ba na famfo ba, ba fiya wata ba, kuma a yi masa mafitar iska zuwa waje don yana fitar da iska mai kama wuta in yana caji, bare a motar da mutum zai rufe gilas ya kwanta. Zafi kuma shi ne ajalinsa, a digiri 25 ake auna ƙarfinsa, mu kuwa a Afrilu Katsina tana haura 40, don haka kar a liƙa shi kusa da inji.

Ni dai na tsaya a nan, batirin dogon zango, ɗan'uwansa kuma batirin tada mota. Saura ɗan na'urar nan da ke raba su biyun don firji kar ya shanye na tada mota a wayi gari ana turi. Dattijo mai rewaya rile yake ce masa, wani a guruf ya ce raba-gardama. Ku me kuka gani?